Tabon mai bincike, ko laifin da aka binne?

Duk mai karanta littattafan binciken kisan kai na wannan zamani ya san mutumin nan tun kafin ya buɗe baki. Ɗan sanda ne, barci ya ƙaurace wa idonsa, matarsa ta rasu ko ta yi yaji, akwai kuma wani tsohon asiri da ke cin zuciyarsa. Marubuta da masu shirya fim sun mai da wannan tabo tamkar hular aro, kowa ya ɗauka ya kafa wa jaruminsa don a ce labarin yana da zurfi. Wannan ha'inci ne, kuma lokaci ya yi da za a kira shi da sunansa.

Asalin dabarar ba haka yake ba. Shekaru fiye da 2400 da suka wuce, Sofokilis na Girka ya rubuta wasan Sarki Edip. Annoba ta sauka a birnin Tebas, aka ce ba za ta gushe ba sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki Layus. Edip ya ɗaura ɗamarar bincike, ya yi ta tambayar shaidu, daga ƙarshe ya tarar shi ne mai kisan, mamacin kuwa mahaifinsa ne. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. To amma a lura: asirin Edip shi ne cutar garin duka. Da a ce baƙin cikinsa ne shi kaɗai, da wasan bai kai yau ba.

Didier Daeninckx na Faransa ya gane haka. A littafinsa Meurtres pour mémoire, na farkon shekarun 1980, sufeto Cadin yana binciken kisan wani saurayi a Tuluz. Sawun ya kai shi ga daren 17 ga Oktoba 1961, lokacin da ƴan sandan Paris suka karkashe ƴan Aljeriya masu zanga-zanga, aka jefa wasu cikin kogin Sen. Daga nan sawun ya zarce zuwa kwasar Yahudawa a zamanin mamayar Jamus. Mai karatu bai sha wuyar gane Maurice Papon a bayan mugun labarin ba, mutumin da ya riƙe babban muƙami a Bordo lokacin yaƙi, ya kuma shugabanci ƴan sandan Paris a 1961. Sai a 1998 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 10 kan kwasar Yahudawan, sai kuma a 2012 shugaba François Hollande ya amsa cewa an zubar da jini a daren nan. Littafin da ake rainawa, ana kiransa na kashe lokaci a tashar jirgi, ya riga alƙali da shugaban ƙasa magana. Abin da ke bin sufeton a nan shi ne tarihin hukumar da yake wa aiki.

Masu kare sabon yayi suna cewa ɗan sanda ma mutum ne, yana da damar yin kuka. Ba a musa ba. Sai dai idan hawayensa suka cika shafi, gawar ta koma abin ado, ba wanda zai sake tambayar wa ya ba da umarni, wa ya ɓoye takardu, wa ya ci riba da shirun.

Marubucin Nijar ba ya bukatar aron tabo daga waje. An harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990. An kashe shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin sama ran 9 ga Afrilu 1999, kundin tsarin mulkin wannan shekara ya yi wa masu juyin mulki afuwa. A tsaya a yi tunanin jami'in da yake bakin aiki a ɗaya daga cikin ranakun nan, ya gani, ya yi shiru, yau kuma an miƙa masa wata gawa ya bincika. Ga mai bincike wanda ya cancanci rashin barci.

Masu mulki suna iya cewa a bar kaza cikin gashinta. Wannan maganar tasu ce. Marubucin da ya karɓe ta daga bakinsu kuwa, ya sayar da alƙalaminsa da arha.