Cire Tamostat Ba Ya Maganin Zafin Tsohuwar Fijo

Tun daga 1975, lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ƙirar 504 ta zama motar gida a arewacin Najeriya. Waɗanda suka rage a kan titi sun tsufa, kuma kusan ciwonsu ɗaya ne: da zarar bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, sai allurar zafin inji ta doshi ja. Abin da aka saba yi a gareji shi ne a cire tamostat a jefar, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan an bar jaki ne ana dukan taiki.

Tamostat ƙofa ce da ke tsakanin inji da lagireto. Tana rufe idan inji yana da sanyi, ta buɗe idan ruwa ya kai kusan digiri 80. Idan tana da lafiya, to a lokacin da inji ya yi zafi a buɗe take, ba ita ta tare ruwan ba. Idan kuwa ta maƙale, sabuwa ake sawa. Injin da aka cire wa ita yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, ya riƙa shan fetur fiye da kima, sassansa na ciki suna saurin cinyewa.

Ainihin matsalar tana cikin lagireto. Shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya mai zartsi, farin datti da tsatsa sun toshe siraran bututunsa, ƙura kuma ta liƙe ramukan da iska ke bi. Ruwa yana zagayawa, amma ba ya huce zafin da ya ɗauko. Gyaran gaskiya shi ne a buɗe lagireton a wanke, ko a canja cikinsa, sannan a zuba ruwa mai tsabta haɗe da sinadarin sanyaya inji, wanda ke hana tsatsa.

Sai murfin lagireto, wanda aka fi rainawa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai riƙe matsi na kusan ba ɗaya yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 120. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri ya ƙone. Haka nan fambel da ya saki yana rage gudun fanka da famfon ruwa. Motar da ke zafi a cunkoso kawai, ta huce a buɗaɗɗen titi, iska ce ba ta ishe ta ba. A nan fankar lantarki ke da amfani.

Masu cire tamostat suna da hujjarsu: wadda ta maƙale a rufe tana iya dafa inji a tsakiyar daji, kuma jabun kaya sun cika kasuwa. A kan hanya, cirewar dabara ce ta isa gida. Barin motar a haka kuwa yana ɓoye toshewar lagireto har ranar da zafi zai lanƙwasa kan injin, wanda na alminiyon ne, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Kuɗin murfi, tamostat da wankin lagireto ba su kai ko kusa da na wannan gyara ba.