A bar yaranmu su gina ganuwa da hannunsu



Tun da aka dawo da darasin tarihi a makarantun firamare muke jin yaranmu a Hausari suna haddace sunayen sarakuna kamar karatun allo. Tambayi yaro yadda ganuwa take kare gari, sai ya yi shiru. Shi ya sa muke roƙon malamai da iyaye su yarda a fito da darasin nan daga aji, a ba yara laka da kara da kwali su gina birni da kansu.

Ba sai mun je Ingila mun kwafo gidajen sarakunansu na dutse ba. Namu ya ishe mu. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Nan Borno kuma ga Birnin Ngazargamu da Mai Ali Gaji ya kafa, wanda ya tsaya sama da shekara ɗari uku kafin ya faɗi a 1808. Ga Kukawa da Shehu Laminu ya kafa a 1814, Rabeh ya rusa ta a 1893, ga kuma gidansa mai katanga a Dikwa.

Labarin da ya fi dacewa da yara shi ne na Mai Idris Alauma da garin Amsaka, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta a ƙarni na 16. Garin na da katanga da gwalalo kewaye da shi. Mai ya sa a cike ramin da karan dawa, dare na yi mutanen gari su fito su kwashe. Da ya ga haka sai ya ce a zuba ƙasa, ya kuma sa aka kafa dogayen hasumiyoyi na itace domin 'yan bindiga su riƙa hango cikin gari. To a raba aji biyu, wasu ciki wasu waje, a ba su tiren ƙasa, a ce kowa ya nemo dabararsa kafin malam ya faɗa musu abin da ya faru. Yaron da ya ga katangarsa ta zube saboda ya yi gindinta siriri ba zai sake mantawa da dalilin da ya sa magina ke faɗaɗa gindin ganuwa ba. Zai kuma gano da kansa cewa garin da aka yi wa zobe, rijiya da rumbu ne ransa, kuma dalilin ke nan da Kano ta bar gonaki da kududdufai a cikin ganuwarta.

Mun san akwai iyayen da za su ce yaran Maiduguri sun ga yaƙi da idonsu, me ya sa za a mai da shi wasa? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Amma yaran nan sun san an haƙa rami an kewaye garinmu, sun san shingen sojoji a hanyar Damaturu, ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Aikin ganuwa zai ba malami damar yin maganar tsaro cikin natsuwa, ba tare da bindigar roba ko gwajin harbi ba. Wanda ransa bai so ba, a ba shi aikin zana ƙofofi ko auna tsawon katanga da igiya, lissafi ne ma ya shigo.

Kuɗi kam ba hujja ba ce. Laka kyauta take, kwali kuwa 'yan kasuwar Monday Market na zubar da shi kullum. Muna da tsofaffin magina a unguwa da suka iya tubali da makuba. A gayyato ɗaya ranar Asabar ya nuna wa yara yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa. Duk makarantar da ta shirya, ta sanar da ƙungiya kafin ƙarshen zangon nan, mu za mu kawo kayan.