Takardun Maigida: Kada Su Zama Sirrin Mutum Ɗaya

A wannan makon za mu leƙa wancan lungun ɗakin da kusan kowane ɗan kasuwa yake da shi: teburin da rasit, littafin bashi, tsohuwar caja da katin ɗaurin aure suka yi tsibi, ga jakar gana-mas-go a ƙarƙashin gado maƙil da takardu. In uwargida ta ce za ta gyara, sai Alhaji ya ce, "Ku bar min kayana, na san inda komai yake." To, matsalar ke nan. Shi kaɗai ya sani.

Wanda ke zaune a garinsu, ko takarda ta ɓata, akwai mai unguwa da dattawan da za su shaida cewa shagon nasa ne. Baƙo a Kumasi ko Kwatano ko Duwala ba shi da wannan gata, takardarsa ce shaidarsa. Lokacin da aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya a Ghana a 2019 da 2020, abin da jami'ai suka riƙa tambaya shi ne rajistar kasuwanci, shaidar biyan haraji da izinin zama. A irin wannan rana ba wanda zai jira ka ka zazzage jaka.

Don haka a ware yini guda, a shimfiɗa tabarma, a juye komai, a kasa shi kashi uku.

Kashi na farko takardun kai ne: fasfo, katin zama, takardun haihuwar yara, takardar aure da katin rigakafin shawara. Wannan katin kada a yi wasa da shi, domin tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, amma sai da katin a hannu. A tuna kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba mutum ba tare da biza ba, abin da ya wuce haka sai da izinin zama. A ɗauki farar takarda a rubuta ranar da kowane kati zai ƙare, a manna a bayan ƙofa.

Kashi na biyu na dukiya ne: yarjejeniyar hayar gida da shago, takardun fili, na kwastan da na haraji. A inda ake biyan hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, rasit ɗin mai gida ya fi kuɗin da ke aljihunka daraja. Kuma kada a yi saurin zubar da tsofaffi. A ƙasashen da ke bin dokar OHADA, irin su Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Chadi, shekara 10 ake ajiye takardun lissafin kasuwanci, a Ghana kuwa shekara 6. Sai dai rasit ɗin nan mai santsi da na'urar POS ke fitarwa, zafi da rana suna goge rubutunsa. A ɗauke shi hoto ko a yi fotokwafi tun yana sabo.

Kashi na uku shi ne bashi da amana: wa kake bi, wa ke bin ka, kuɗin wa aka ba ka ajiya, kayan wa ke cikin sitonka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Littafi ɗaya ya isa, da suna, da adadi, da rana, da shaidu. In an biya a soke.

Abin da ya rage a ƙone shi. Kada a ba mai ƙosai takardar da ke ɗauke da lambar asusunka.

Ina za a ajiye? Ba a shago ba. Babbar kasuwar Lome ta ƙone a 2013, Dantokpa ta Kwatano a 2015, Kantamanto ta Accra a Janairun 2025. Takardun asali su zauna a gida cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi sama da ƙasa saboda gara da ambaliya. Kwafi ya zauna a shago. Hotunan kuma a tura su imel, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Saura abin da ya fi wuya. Alhaji, ka zaunar da uwargida ko babban ɗanka, ka nuna musu akwatin da makullinsa, ka karanta musu littafin bashi. In ciwo ya kwantar da kai, ko aka riƙe ka a kan iyaka, ko ta Allah ta kasance, masu bin ka za su zo da takardunsu, waɗanda kake bi kuwa ba duka ne za su tuna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma marayu a ƙasar wasu ba su da mai tsaya musu sai abin da ka rubuta.

Hajiya, ke ma kada ki jira a kira ki. Daren yau bayan an ci tuwo, ki tambaye shi a hankali: "Alhaji, takardar hayar gidan nan tana ina?" Allah Ya tsare mana dukiya da zuri'a. Sai mako mai zuwa.