Haƙurin da ba shuka a bayansa

A 2007, ɗan majalisar Amurka Barney Frank ya cire masu sauya jinsi daga ƙudurin ENDA na hana wariya a wurin aiki. Hujjarsa ita ce ƙuri'u ba su kai ba, sai su yi haƙuri, nasu na tafe. Majalisar wakilai ta amince da ragowar ƙudurin, ya je majalisar dattawa ya mutu. An yi ba wan ba ƙanen.

Masu wa'azin jiran gwamnatin tarayya sun manta birnin Minneapolis ya ba waɗannan mutane kariya tun 1975, jihar Minnesota ta bi sahu a 1993, kuma dokokin suna nan daram. Na tarayya fa? Obama ya buɗe musu ƙofar aikin soja a 2016, Trump ya rufe, Biden ya buɗe a 2021, Trump ya sake rufewa a 2025.

Gaskiya ne jihar Iowa ta soke tata kariyar a 2025, amma wannan ma shaida ce cewa filin kokowar yana jihohi da birane. Mahaƙurci mawadaci ne in ya yi shuka. Wanda aka kora daga aiki kuwa, alkawali ba ya ciyar da iyalinsa.