In Ka Ce Fim Jabu Ne, Kawo Shaida

Jama'a, mun saba cewa gani ya kori ji. To, yau gani ma ya shiga uku. Da zarar wani fim ya fito yana tona asirin manya, sai ka ji an ce haɗa shi aka yi, maganar kuma ta mutu a nan. Ni a ganina, wanda ya ce fim jabu ne shi ma da'awa ya yi, kuma tilas ya kawo shaida.

Ranar 30 ga Yuli 2009 Mohammed Yusuf, shugaban Boko Haram, ya mutu a hannun 'yan sanda a Maiduguri. Aka ce gudu ya so yi aka harbe shi. Amma sai ga bidiyo na yawo a wayoyin mutane, ga shi da ransa a hannun soja ana yi masa tambayoyi. A Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna wani fim na masu kayan sarki suna harbe mutanen da ba su riƙe da makami. Ba wanda ya manta ɓarnar da ƙungiyar nan ta yi, amma hukunci aikin kotu ne. An gurfanar da 'yan sanda biyar a Abuja a 2011, daga baya kotu ta sallame su.

Mu dubi yadda Amurka ta yi da nata. Ranar 22 ga Nuwamba 1963 aka harbe Shugaba Kennedy a Dallas, wani ɗan kasuwa, Abraham Zapruder, ya ɗauki abin a fim na daƙiƙa 26. Jama'a ba su gan shi a talabijin na ƙasa ba sai 1975, wannan jinkiri kuwa ya ba jita-jita taki, har wasu suka ce an yanke wasu hotuna an sauya wasu. Sai aka ba Roland Zavada, gwanin kamfanin Kodak, ya binciki ainihin fim ɗin, a 1998 ya ba da rahoto cewa shi ne wanda ya fito daga kyamara. Masu musu ba su ƙare ba, amma akwai rahoton da kowa zai iya aunawa.

A nan Kano fa? A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya fitar da bidiyon da aka ce Gwamna Ganduje ne ke karɓar daloli. Gwamnati ta ce haɗi ne, Ganduje ya musanta, kotu kuma ta dakatar da binciken Majalisar Dokokin jiha. Kowa ya riƙe abin da jam'iyyarsa ta gaya masa.

Manomin Dambatta ko Bichi ya san in rikicin iyakar gona ya tashi, dagaci ba ya bin mai ƙarfin murya. Zuwa yake ya duba gamba da itatuwan iyaka, ya kira dattawan da suka ga rabon. Haka ya kamata a yi wa fim: wa ya ɗauka, yaushe, a ina, ina ainihinsa, su wa ke wurin? Yanzu da kwamfuta ke iya ƙirƙiro fuska da murya, tambayoyin nan sun ƙara zama wajibi, ga mai yarda da mai musu duka.

Mai karatu, kada ka tura bidiyo don ya yi maka daɗi, kada kuma ka ƙaryata shi don ya taɓa naka. Inda aka zubar da jini, a nemi bincike a fili. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, amin.