Kofin da Kirista ya sha ruwa a ciki

A wasu rumfunan Kasuwar Kurmi da zaurukan cikin birni, idan baƙo Kirista daga Sabon Gari ya sha ruwa, ana ajiye kofin a gefe sai an ɗauraye. Ka tambayi dalili, a ce maka ai su ba sa tsarki. Ina ganin muna yanke hukunci ne a kan abin da ba mu taɓa bincika ba.

Ba mamaki. Tun 1900, da 'yan mishan Bishop Tugwell da Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu Babba ya sallame su, majami'u a bayan ganuwa suka tsaya. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, amma mu nawa ne a Yakasai ko Mandawari muka san matsayinsa a kan wannan batu?

Yana nan a Markus sura ta 7. Farisawa sun zargi almajiran Yesu da cin abinci ba su wanke hannu bisa al'adar magabata ba. Yesu ya nuna musu cewa abin da ya shiga ciki ba ya ƙazantar da mutum, sai abin da zuciya ta fitar: sata, zina, ha'inci, hassada, girman kai. Don haka rashin alwala a wurin Kirista koyarwa ce, da saninsa yake bin ta. Su ma ba bakinsu ɗaya ba, domin Kiristocin Habasha har gobe suna tuɓe takalmi a ƙofar majami'a, kuma ba sa cin alade.

Ni Musulmi ne, ba zan yi sallah babu alwala ba, ban kuma yarda cewa wankin gaɓoɓi aikin banza ne ba. Sai dai maganar tsarkin zuciya ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Imam Gazali a cikin Ihya ya kasa tsarki hawa huɗu, wankin jiki shi ne na farko, ya kuma yi kuka da masu tsayawa a nan. Yaro a makarantar zaure yakan haddace abubuwan da ke warware alwala a Ahalari tun bai balaga ba. Ya girma, ya buɗe rumfa, ya bubbuga gindin mudu, ya yi algus a manja, buta tana gefensa. Shi ne kuma mai ƙyamar kofi! Ɗan Sabon Garin da ke sayar da jabun magani shi ma Markus ba ta wanke shi ba, amma wannan aikin fastonsa ne.

Ko ta fuskar fiƙihu ma ɗauraye kofin bai da madafa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa. Ragowar ruwan mashayin giya ce aka karhanta, kuma littafin Muhtasar bai ware Musulmi daga ciki ba.