Murhun Rayfield Da Darasin Da Ke Cikin Hayaƙi

Duk baƙon da ya kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a gaya masa abin da ake kira ɗari. Garin yana bisa tudu, wajen ƙafa 4,000 sama da teku, saboda haka idan hunturu ya kankama, ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 10 da asuba. A irin wannan lokaci attajiri da talaka abu guda suke nema, watau wuta.

Wanda ya zaga Rayfield, kudu da tsakiyar gari, zai ga tsofaffin gidajen da Turawan kuza suka bari, da yawansu da bututun hayaƙi ya leƙo ta saman rufi. A ƙarƙashin bututun akwai murhu da aka gina cikin bangon falo, ba don girki ba, sai don jin ɗumi. Turawan sun fara haƙar kuza a wannan tudu tun farkon ƙarni na 20, suka mai da Rayfield mazauninsu, har suka buɗe filin wasan golf a 1913. Da suka tarar da sanyi mai kama da na gida, sai suka gina ɗakuna irin na Ingila.

To, amma wuta ba ta ci sai da itace. Murhun Bature, da tukwanen dubban leburorin da suka taru daga Kano da Zariya da Barno da Kudu, duk daga daji ɗaya suke ci. Kurmin da ke bakin rafuka a ƙasar Birom, wanda dama ba shi da yawa, ya sha gatari. Jirgin ƙasa ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, ya buɗe hanyar kawo kwal daga Inugu, aka kuma sami lantarki daga ruwan Kurra, amma ƙarfin waɗannan ya tafi ga injinan haƙa, talaka kuwa ya ci gaba da sare itace. Daga baya hukuma ta shiga dasa itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, a kan filayen da haƙa ta lalata. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, amma itatuwan suna nan tsaye, ana yin gini da su, ana kuma hura wuta.

Murhun bango ba shi da tattali. Mafi yawan zafinsa bututu yake bi ya fice, wanda ke zaune gabansa ya gasu, na bayan ɗaki kuwa yana makyarkyata. Murhun ƙarfe mai ƙofa ya fi shi riƙe zafi da cin itace kaɗan. Duk da haka akwai hikima guda a ginin, ita ce an yi wa hayaƙi hanya. Iska mai zafi sama take tashi, ta ja hayaƙin ta fitar da shi, sabuwar iska kuma ta shigo ta ƙasa.

Wannan hikimar ce ta ɓace a gidajen yau. Ana gina ɗaki da bulo da kwano, a sa tagar gilashi mai rufuwa ruf, ba a bar wa hayaƙi ko ɗan rami ba. Idan sanyi ya matsa, sai a cika kasko da garwashi a shiga da shi, a toshe ƙofa da tsumma, a kwanta. Kakanni ma sun kwana da wuta, har da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, amma ɗakin jinka yana numfashi ta kowace kusurwa. Ɗakin siminti ba ya yin haka.

Gawayi idan yana ci a inda iska ta yi ƙaranci yakan fitar da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa balle ya ji su. Jan garwashin da ya daina hayaƙi, wanda mutane ke ɗauka ya zama lafiya, bai daina fitar da gubar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane sama da miliyan 3. Ingilar ma da aka kwaikwayo ta ɗanɗana kuɗarta: hayaƙin kwal ya rufe Landan a Disamban 1952, dubban mutane suka mutu, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956.

Saboda haka mai tsohon murhu ya sa a share masa bututu kafin hunturu, domin kunkunniya da ke taruwa ciki tana iya kamawa da wuta, tsuntsaye kuma sukan toshe shi da sheƙa. Ya yi faskare tun da wuri, ya jera itacen a inuwa mai iska, gama ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, hayaƙi kawai yake bayarwa. Kada a jefa leda ko roba ko katako mai fenti cikin wuta. Mai kasko kuwa ya ji ɗuminsa da taga a buɗe, ya fitar da shi waje kafin barci, bargo da rigar sanyi su ƙarasa aikin. In aka ga wani ya galabaita, a fitar da shi sarari, a garzaya asibiti.

Sauran magana tana ga magina da hukuma. Ya kamata mai zanen gida a ƙasar sanyi ya tuna da hunturu tun yana kan takarda. Wanda kuma ya sare itace ɗaya ya dasa biyu da damina, don kada jikoki su tarar da murhu ba abin sa masa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.